YARON DA BA YA ZAMA WURI ƊAYA: ME IYAYE ZA SU YI DA MAGANAR LIKITA?

 

Ya ku 'yan'uwa, maudu'inmu a yau shi ne larurar gaza tattara hankali da yawan motsi, wadda likitoci ke taƙaita sunanta da ADHD, da kuma yadda iyalai ke karɓar labarinta.

Wannan larura ba sabuwa ba ce. A shekarar 1902 wani likitan yara a Landan, George Still, ya yi bayanin yaran da basirarsu lafiya lau, amma ba su iya kame kansu. Sunan da ake kiranta da shi yanzu ya tabbata a Amurka a 1987. Binciken ƙasashe daban-daban ya nuna tana samun kimanin yara 5 cikin 100. Likita ba ya yanke hukuncinta don ƙiriniyar kwana biyu: sai alamomin sun bayyana kafin shekara 12, sun ɗauki wata 6 ko fiye, an gan su a gida da makaranta, kuma suna cutar da yaron.

To, ranar da likita ya faɗi sunanta, sai mu ga gida ya rabu uku. Uba ya ce taurin kai ne, maganinsa bulala. Kaka ta ce iska ce ko sammu, a nemi mai hayaƙi. Uwa kuwa, wadda ta sha zargin cewa ita ta sangarta shi, sai ta ji sanyi don an wanke ta, sannan tsoro ya biyo baya: shin za a ce ɗanta mahaukaci ne?

Amsarmu ga kowannensu ita ce: wannan ba hauka ba ne, ba kuma gazawar tarbiyya ba. Bambanci ne a aikin sashen ƙwaƙwalwa mai tsayar da hankali da danne sha'awar yin abu nan take. Binciken tagwaye ya nuna gado na da rabo sama da kashi 70 cikin 100. Shi ya sa sau da yawa uban da ke riƙe da bulala, in ya saurari likita da kyau, sai ya tarar ana siffanta yarintarsa ne. Mu kuma lura da 'ya'ya mata: da yawansu ba sa ƙiriniya, hankalinsu ne ke tafiya, sai a kira su dolaye, a bar su ba taimako.

Game da magani, iyaye suna tsoron kada ya zama ƙofar shaye-shaye. Tsoro ne mai dalili, domin methylphenidate magani ne da ba a shansa sai da takardar likita, kuma yana iya rage cin abinci da barci. Amma bincike bai nuna yana jefa yaro cikin shaye-shaye ba. Larurar kanta ce ke ƙara wannan haɗari. Ga yaran da ba su kai shekara 6 ba, horar da iyaye ake fara yi kafin magani.

Saboda haka muna kira ga iyaye da malaman boko da na Islamiyya: a zaunar da yaron kusa da malami, a gutsuttsura masa darasi, a ba shi umarni ɗaya a lokaci ɗaya, a aike shi don ya motsa jiki, a yaba masa nan take in ya yi daidai. Wanda ya ga alamomin, ya nemi asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya, kamar na Kaduna, Kware ko Maiduguri. Neman magani ba ya kore addu'a, kuma dukan yaro a kan abin da ya fi ƙarfinsa zalunci ne da za a tambaye mu a kansa.

Allah Ya shirya mana zuri'a.