Shirinmu na wannan mako: Mai gadin rumbu

 Yau zancen macizai da ƙadangaru za mu yi.

Wata damina muka ga maciji a gindin rumbunmu. Kafin ka ce kwabo yara sun taru da sanduna, ni ma na sa hannu, muka kashe shi. Da kaka ta yi, ɓeraye suka yi wa dawarmu ɓarnar da ba mu taɓa gani ba. Kawuna ya dube ni ya ce, "Ai ku kuka kashe mai gadin." Ashe macijin ba shi da dafi, farautar ɓera ce ta kawo shi.

To, ban ce tsoro laifi ba ne. Mun tashi da labarin Bayajidda da macijin rijiyar Kusugu a Daura, wanda ya kashe maciji shi ne gwarzo. Kuma kububuwa ba abin wasa ba ce. A Kaltungo, jihar Gombe, akwai asibiti sukutum saboda saran maciji. A 2017 ma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin cututtukan da aka yi sakaci da su.

Amma jama'a, cikin nau'o'in macizai kusan 4,000 na duniya, kimanin 600 ne masu dafi. Wasu ma garin kashe macijin ne yake saransu. Shi kuwa ƙadangaren da yara ke harbi da danƙo, ƙwari yake rage mana. Damo muna masa kirari da sarkin haƙuri, sannan mu bi shi har rami.

Abin da zai kare mu daban yake. A share ciyawar gefen gida, a toshe ramukan ɓera, a ɗage itacen girki daga bakin ɗaki. Manomi ya sa dogon takalmin roba, mai fita da dare ya riƙe tocila. In ka ga maciji a gona, ba shi hanya.

Idan kuma tsautsayi ya faɗa, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A hana mutumin yawan motsi, a garzaya da shi asibiti.

Ku faɗa mana yadda ake yi a garinku. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, a huta lafiya.