Zafin Bazara da Maganin da Ke Kan Hanya

Akwai magungunan da sanyi ne ransu: yawancin alluran rigakafi, da insulin na masu ciwon sukari, da oxytocin da ake yi wa mai haihuwa don tsayar da jini. Ƙa'idarsu digiri 2 zuwa 8, tun daga masana'anta har hannun malamin asibiti. A ganina, inda sauyin yanayi ya fi karya wannan ƙa'ida shi ne kan hanya. Akwatin sanyin da ake ɗaurawa a bayan babur yana da iyakar sa'o'in da ƙanƙararsa za ta jure. Zafi na rage sa'o'in, ambaliya kuma na tsawaita tafiyar. A 2022 da ruwa ya datse hanyar Lokoja, manyan motoci kwanaki suka yi a tsaye.

Wani zai ce ai zafi ba baƙonmu ba ne. Haka ne, amma mu duba lissafi. A 2012 aka amince a riƙa fita da MenAfriVac, rigakafin sanƙarau, ba ƙanƙara har kwana huɗu, muddin zafi bai haura digiri 40 ba. To a Afrilun 2024 garin Kayes na Mali ya kai 48.5, ga shi kuwa bazara ce lokacin sanƙarau. Abin tsoron shi ne ɓarnar ba ta bayyana a ido. Oxytocin da ya sha zafi garau yake a kwalba, sai an yi allurar jini ya ƙi tsayawa.

Ƙara ƙanƙara ma ba mafita ba ce, domin rigakafin ciwon hanta da na penta lalacewa suke idan suka daskare. Gajarta tafiya ce ke aiki: a kai firji mai sola kusa da ƙauyuka, a yi sammako kafin rana ta take. Kada kuma wannan ya hana kowa kai yaro rigakafi. A jikin kwalbar rigakafin akwai ɗan murabba'i a cikin da'ira, wanda zafi ke sa shi duhu. Idan ya yi duhu kamar da'irar, ma'aikaci ajiye ta yake ya ɗauko wata. Insulin ba shi da wannan tambari, don haka a saye shi a kemis mai firjin da ke aiki, kuma kada a bar shi a but ɗin mota.