Sassaƙa da Makomar Icen Ƙirya: Jawabi a Taron Shekara na Ƙungiya



An nemi in yi tsokaci a kan sassaƙa, sana'ar da wasu daga cikinmu suka fara koya a lokutan hutunsu. Hausawa sun ce da icce mai kama ake ƙota, don haka masassaƙi yakan fara ne da sanin itace. Aduwa ake nema domin allo, ƙirya kuwa domin turmi da taɓarya, saboda taurinta da kuma yadda gara ba ta cin ta da sauƙi.

Wannan tauri shi ne jarrabawar mai koyo. Busasshiyar ƙirya takan dakushe gizago nan da nan, shi ya sa magabata suke fafe ta tun tana ɗanya. Daga nan sai a ajiye ta a inuwa ta bushe sannu a hankali, domin zafin rana yakan tsaga ta. A riƙa wasa gizago a kai a kai, a bi tsarin jijiyar icen, a ƙarshe a shafe shi da man kaɗe.

Sai dai kash, ƙiryar tana ƙarewa a dazuzzukanmu. A da maƙera ne suka fi neman gawayinta, yau kuwa buhu-buhu ake lodawa zuwa biranen da muke zaune. Ga shi kuma itaciya ce mai jinkirin girma.

Saboda haka ina roƙon ƙungiya ta keɓe fili domin dashen ƙirya da aduwa, mu kuma tura 'ya'yanmu wajen dattawan masassaƙa duk lokacin da muka zo gida.