JAWABI: Musulunci Ya Ba Mace Haƙƙinta



Jawabin wannan wata a kan haƙƙin mata ne. A ƙauyuka da yawa, idan maigida ya rasu, 'ya'ya maza ne kawai ke raba gona. Sai a ce wa 'ya mace ai tana gidan miji. Wannan al'ada ce, ba addini ba.

Suratun Nisa'i ta yanka wa mace rabonta. 'Ya mace tana samun rabin rabon ɗa namiji. Matar mamaci tana da kashi 1 cikin 8 idan ya bar 'ya'ya, ko kashi 1 cikin 4 idan bai bari ba. Gona da shanu da gida duk suna cikin gado. Sadaki kuwa na amarya ne, ba na uba ko kawu ba.

Malamai masu neman gyara suna cewa a tace addini daga al'ada. Wannan kira ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a littafinsa Nurul Albab, ya soki malaman da ke karantar da almajirai, amma su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci.

'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Ta naɗa mata jajis, ta ba su malfa. Su ke kai karatu ƙauyuka. Ɗalibansu su ne 'Yan Taru.

Daga baya Malam Aminu Kano da Hajiya Gambo Sawaba suka nemi a ba matan Arewa damar jefa ƙuri'a. An ɗaure Gambo sau da dama. Sai a 1976 matan Arewa suka fara zaɓe. A 1985 kuma aka kafa ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN a Minna.

Don haka, maigida, ka bar matarka ta shiga ajin yaƙi da jahilci. Uwargida, kada talla ta hana 'yarki makaranta. Macen da ta iya karatu za ta karanta takardar gado kafin ta dangwala yatsa. Wadda aka danne wa rabo ta kai kuka ga dattawa. In abin ya gagara, ta je gaban alƙali.

Allah ya sa a dace, amin.