Horo a Makaranta: Mudu Ɗaya Ko Mudu Biyu?



Batunmu a yau shi ne horo a makaranta, da wanda ya fi sauka a kansa. A shekarar 2014 Ma'aikatar Ilmi ta Amurka ta bayyana cewa yara baƙar fata sun ninka farare sau uku wajen dakatarwa da kora. Kada mu ce can ne da nisa, gama abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Mu launinmu ɗaya, amma asali da harshe suna iya raba mu.

Mu dubi Birnin Gwari. Shekaru da dama 'yan bindiga na dajin Kamuku suka addabi hanyar Kaduna, makarantun ƙauyuka suka rufe, iyaye suka kwararo cikin gari. A watan Nuwamba 2024 gwamnatin jiha ta yi sulhu, aka sake buɗe kasuwar shanu. Saura aji, inda ɗan Bahaushe da na Bagware da na Kamuku da na Bafulatani za su zauna benci guda.

Yaron ruga yakan makara saboda nisa da aikin shanu. Hausarsa ba ta nuna ba, balle Turanci, sai a ɗauki shirunsa taurin kai ne. Malamin da aka taɓa sace masa ɗan'uwa kuwa ɗan Adam ne, hannunsa yana iya yin nauyi bai sani ba. Ta haka laifi guda yakan zama jan kunne ga ɗan gari, ya zama bulala da kora ga ɗan ruga. Yaron da aka kora kuwa, daji ya fi ko'ina kusa da shi.

Tun 1989 aka kafa Hukumar Ilmin Makiyaya, hedkwatarta a Kaduna, domin jawo waɗannan yara. Bai kamata bulala ta warware wannan aiki ba.

Saboda haka muna kira da abu uku. A rubuta kowane horo da dalilinsa a littafi, masu duba makarantu su riƙa kwatantawa. Kada a kori yaro sai an zauna da mahaifinsa da mai unguwa ko arɗo. A kuma ɗauki malamai masu jin Fulatanci da Gwaranci.

Da yawa cikinmu alli za mu riƙe gobe. Mu auna wa kowane yaro da mudu ɗaya. Allah ya ba mu ikon yin adalci, amin.