Jawabin Kwamiti Game Da Sayar Da Bais Na Marayu



Dattawanmu, iyayenmu, da 'yan'uwanmu masu ci-rani waɗanda wannan takarda za ta iske a Maraɗi, Katsina, Kano da sauran wurare, muna gaishe ku da fatan alheri.

Kun sani cewa bara Allah ya yi wa ɗaya daga cikinmu rasuwa, mai sana'ar walda, wanda ya daɗe yana aiki a Katsina kafin ya komo gida Ɗan Issa ya kafa rumfarsa a bakin hanya. Ya bar mace guda da yara ƙanana. Taro ya ɗora mana nauyin sayar da kayan aikinsa domin a haɗa kuɗin cikin gado. Yawancin kayan ba su ba mu wahala ba, sai abu guda, wato ƙarfen nan da akan ɗaure kan teburi don matse abin da ake yanka ko gogewa, wanda masu walda ke kira bais. Tun da mun ji ana ƙananan maganganu cewa mun karyar da shi, muka ga ya kamata mu zo gabanku mu faɗi yadda aka yi daki-daki.

Bais ɗin tsoho ne, ƙirar Record ta birnin Sheffield a ƙasar Ingila, faɗin bakinsa inci 6, wato kimanin santimita 15. Da muka kwance shi daga teburi muka tarar da aibi uku. Sandar da ake murɗawa ta ɗan lanƙwashe. Gefen haƙori guda ya ɓalle. Sa'an nan ɗaya daga cikin kunnuwan gindinsa, inda ake ɗaure shi da noti, yana da 'yar tsaga.

Nan take wani mai son marayun da alheri ya ba da shawara a shafe tsagar a bi da shuɗin fenti, a kai shi kasuwa a matsayin lafiyayye. Ya ce ai don yara ne. Muka kai maganar ga malamai, suka tuna mana cewa littafin Risala, wanda ake karantawa a zaurukan garin nan tun kakanni, ya hana ɓoye aibi a cikin ciniki, kuma wanda ya sayi abu ya gano tsohon aibin da aka ɓoye masa yana da ikon mayarwa. To, ku duba: in an raba gado an ci kuɗi, bayan wata biyu mai saye ya dawo da bais a ka, wa zai biya shi? Ramin ƙarya ƙurarre ne. Muka bar fenti.

Abin da muka yi shi ne wanka. Muka kwance shi, muka wanke da kananzir, muka kankare tsatsa, muka shafa giris a jikin zaren. Wanki ba yaudara ba ne, don yana bayyana abu ne yadda yake. Daga nan muka kira wani tsohon bakanike ya gwada shi a gaban shaidu, kuma muna so matasa su riƙe yadda ya yi.

Da farko ya rataye gangar jikin ya ƙwanƙwasa da ƙaramar guduma. Ƙarfe lafiyayye yakan yi amo, mai tsaga kuwa muryarsa a dushe take. Na biyu, ya shafa kananzir a wuraren da ya yi zato, ya goge, ya bi da alli, ya sake ƙwanƙwasawa. Inda akwai tsaga, man da ya shige ciki yakan fito ya zana layi a kan allin. Layi bai fito ba sai a kunnen nan guda. Na uku, ya murɗa sanda ya ga yawan juyin da take yi a banza kafin baki ya motsa, don a nan ake gane ko zare ya cinye. Na huɗu, ya sa takarda a kowane gefen bakin ya matse, ya ja, ya ga duka gefen biyu sun riƙe.

Ya ce mana aibin bais iri biyu ne. Akwai na ado, akwai na rai. Haƙora ɗaure suke da ƙusoshi masu zare, ana cirewa a sa wasu. Sanda ana miƙe ta. Amma in gangar jiki ta tsage, ko zaren ciki ya mutu, to sai a auna shi a sikeli. Dalili kuwa, irin wannan bais da ƙarfen zubi ake yin jikinsa, shi kuwa ƙarfen zubi ba ya lanƙwasa, sai dai ya fashe, kuma waldarsa sai gwani: a ɗumama shi tukuna, a yi da sandar walda ta musamman, a binne cikin toka ko yashi ya huce a hankali. Tsagar namu tana kunne ne, sauran kunnuwan lafiya lau, saboda haka ana iya aiki da shi shekaru, muddin ba a mai da shi maƙera ana dukan ƙarfe a kansa ba.

Saura kuɗi. Uwar marayu ta tuna nairar da marigayi ya biya a Katsina shekarun baya. Muka ba ta haƙuri, muka ce wannan lissafi ba zai yi ba. Mu mutanen iyaka mun fi kowa sanin haka. Manya sun tuna watan Janairu na 1994 da aka karya darajar sefa da rabi a dare guda. Yara ma sun ga yadda naira ta faɗi tun daga tsakiyar 2023. Haka kuma Nijeriya ta rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 har zuwa Maris 2024, kuma duk lokacin da hanyar Jibiya ta toshe, farashin kaya yakan birkice. Kuɗin jiya ba ya sayen abin yau, ba ya kuma sayar da shi.

Sai muka nemi iyaka biyu, ta sama da ta ƙasa. Muka aika babbar kasuwar Maraɗi aka tambayo sabon bais mai irin wannan girma, ɗan ƙasar Sin, aka ce mana jika 40. Wannan shi ne rufi, don ba mai hankalin da zai biya fiye da haka a kan tsoho mai tsaga. Muka kira masu sayen tsohon ƙarfe, suka ɗaga suka taya jika 3. Wannan shi ne daɓe. Muka tambayi bakaniken abin da gyaran haƙori da sanda da kunne zai ci, ya ce jika 5. Muka yi shawara cewa tsohon bais mai nagarta, in lafiyarsa ƙalau, ya kai jika 28 zuwa 30. Aka cire kuɗin gyara, muka tsaya a kan jika 25, muka kuma yi alkawari tsakaninmu ba za mu sallama ƙasa da 20 ba.

Muka sa dillali, muka yanke la'adarsa tun kafin ya ɗauki kaya. Muka gindaya masa sharaɗi biyu: ya nuna wa kowane mai saye aibin nan uku kafin a yi maganar kuɗi, kuma kada a sa wani ya yi tayin ƙarya don a zuga farashi. Na farko ya taya 12, aka ce albarka. Na biyu ya taya 17, aka ce albarka. Aka yi kasuwa uku bais na zaune, har wasu suka fara cewa gaskiyarmu ta kashe ciniki. Ran kasuwa ta huɗu wani saurayi mai gyaran babur daga wajen Madarumfa ya zo. Da aka nuna masa tsagar da layin alli, ya ce tun da ba a ɓoye masa wannan ba, ya yarda da sauran. Ya taya 20, aka ja, aka daidaita a jika 23. Ya biya hannu da hannu, aka rubuta takarda da aibin a ciki, shaidu biyu suka sa hannu. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Masu cewa da an yi fenti da an sami 30, mai yiwuwa ne. Amma jika 7 ɗin nan da sun shiga cikin marayu da haƙƙin wani, kuma da sunan Ɗan Issa ne zai ɓaci a bakin makanikan Madarumfa da Maraɗi, inda 'ya'yanmu ke zuwa koyon sana'a. An fitar da la'ada, an haɗa sauran da kuɗin sauran kaya, an biya bashin marigayi, malamai sun fitar wa matar tumuninta, rabon yara kuma yana hannun waliyyinsu da sanin dattawa. Littafin lissafi yana wurin ma'aji ga duk mai son dubawa.

Roƙonmu ga 'yan ci-rani masu sana'ar hannu shi ne, kowa ya rubuta kayan aikinsa a takarda, da aibin kowane, ya ajiye kwafi a gida. Rai ba ya sallama, kuma iyali ba su san bambancin bais da tsohon ƙarfe ba.

Allah ya jiƙan marigayi, ya raya abin da ya bari, ya sa albarka a cinikinmu. Haza wassalam.