Idan Gwiwa Ta Yi Kuka, Mai Keke Ya Saurara

A 2003 aka fara tafiyar keke ta Tour d'Afrique, daga Alƙahira zuwa Cape Town, kimanin kilomita 12,000 cikin wata huɗu. Masu shirya ta sun ware ranakun hutu, ga kuma motar ɗaukar wanda ciwo ya kayar. Sun yi dabara.

A irin wannan doguwar tafiya, sau da yawa ciwon gaban gwiwa daga sirdin da ya yi ƙasa yake tasowa, ko taka giya mai nauyi a hawa. Gyara sirdin, rage kaya, taƙaita zangon yini. In gwiwar ta kumbura, sauka ka ga likita.

Lafiya uwar jiki. Don Allah, kada ka nakasa ƙafarka saboda cika jadawali.